Gas a Farashin Rediyo

Duk wanda ya zauna a garinmu ya san muryata, ko da bai taɓa ganin fuskata ba. Ni ce nake karanta labaran safe a ƙaramin gidan rediyon da ke saman shagon katifu, kuma ni ce nake rufe su da wani ɗan shiri na farashin makamashi: kuɗin litar fetur, kuɗin wuta, da kuɗin kilo ɗaya na gas ɗin girki. Takardar daga babban birni take zuwa, daga wani ofishi da ke tattara farashin ƙasar duka, ya haɗa, ya raba, ya fitar da matsakaici. Nawa dai in gyara murya in karanta. Ba ƙarya suke rubutowa ba, wannan zan shaide su. Sai dai a lokacin babu shago ko ɗaya a garinmu da aka taɓa sayar da wani abu a kan kuɗin da nake faɗa.

Garinmu ne ƙarshen kwalta, daga mu sai duwatsu. Duk abin da ake kunnawa ya kama da wuta sai ya taso daga bakin teku a bayan babbar mota, ya wuce kowa da kowa, sannan ya iso mana a gajiye, kuma kowane ramin da motar ta faɗa mu ne muke biya. Mutanen bakin teku suna saye ƙasa da abin da nake karantawa, mu muna saye sama da shi. A kan takarda kawai muke haɗuwa a tsakiya.

Ubana kuwa gas yake sayarwa. Baba mai gas, haka kowa yake kiransa. Shagonsa yana kwanar kasuwa, da farin tanki a baya cikin kejin waya, da sikeli a bakin ƙofa, da allo jingine da bango inda yake rubuta kuɗin kilo da alli. Da wannan sana'ar ya riƙe ni bayan rasuwar Innata, da ita ya kai ni makaranta har na gama. Mutum ne da in ka kawo tukunya da sauran gas a ciki sai ya auna ya cire maka shi, ko kai ba ka lura ba. Rauninsa ɗaya ne a duniya, wato ni. Ranar da aka ɗauke ni aiki ya sayo rediyo mai ƙaton lasifika ya rataye a ƙusa a saman sikeli, kullum safe ya ƙure ta har ƙarshe, daidai lokacin da mata suke layi da tukwanensu.

"Kun ji ta? 'Yata ce wannan," in ji shi. "Ku yi shiru mana, labarai ake yi."

Sai in gama labarai in shiga farashi, in ce kilon gas ɗari takwas ne a matsakaicin ƙasa, alhali a allon Baba an rubuta ɗari tara da wani abu. Da fari abin raha ne. Telan da ke maƙwabtaka da shi yakan leƙo da almakashi a hannu.

"Baba, kai da 'yar taka ba ku gana ba ne kafin ku fito?"

"Ita na birni take faɗa, ni na nan nake faɗa. Koma ka ɗinka wandon mutane."

A yi dariya, a cika tukwane, kowa ya kama gabansa.

Sai damina ta zo ta cinye ƙafar gadar da ke kan hanyarmu. Aka hana manyan motoci bi ta kai. Motar gas ta koma zagaye ta bayan dutse, hanya mai nisa marar kyau, direban ya ninka kuɗin dako, kuma ba wanda zai ga laifinsa in ya kalli tayoyinsa. Baba ya goge allo ya rubuta dubu da ɗari biyu. Takardar birni kuwa ko gezau, don gada ɗaya a ƙarshen duniya ba ta isa ta motsa lissafin ƙasa guda ba. Na ci gaba da karanta ɗari takwas da 'yan kai, da muryata mai daɗi da ake yabo, Baba kuma ya ci gaba da ƙure rediyo a kan sikelinsa.

Daga nan raha ta ƙare. Mata suka fara kallon allo, su kalli rediyo, su kalli juna.

Akan maimaita shirin da rana daga faifan safe, shi ya sa ranar da abin ya fashe ina tsaye a shagon, na kawo wa Baba abinci, ina jin kaina ina magana daga saman ƙusa. A gaban layi akwai Gwaggo mai abinci, wadda take da gidan cin abinci a bakin tasha. Ƙawar Innata ce, a bayanta na sha barci ina jaririya, kuma ita ce ta fi kowa sayen gas a wurin Baba, manyan tukwane biyu a kowane zuwa. Ranar tana cike fam, don an ce masu cin abincinta sun ragu tun da ta ƙara kuɗin faranti. Muryata ta faɗi farashi. Gwaggo ta ajiye jakarta a kan tukunya.

"Ka ji? Ka ji da kunnenka? Ba ni na faɗa ba, jininka ne ya faɗa."

"Hajiya, ai na sha gaya miki, wancan na ƙasa ne gaba ɗaya."

"Mu a sama muke? Ba a ƙasar muke ba?" Ta juyo kaina. "Ke, zo nan. Tsakaninki da Allah, ƙarya kike mana a rediyo?"

"Ba ƙarya ba ne, Gwaggo. Matsakaici ne, wato an haɗa na ko'ina ne aka…"

"Ban tambaye ki karatu ba. In ba ƙarya kike ba, to ubanki ɓarawo ne. Ɗaya daga ciki. Ku zaɓa."

Baba yana riƙe da bakin tiyon da yake ɗura gas, na ga hannunsa ya tsaya. Ya ƙarasa cika mata tukwanen, ya auna, ya nuna mata allurar sikeli kamar yadda ya saba, ta biya tana huci ta tafi. Ni kuwa don takaici na rasa wa zan shaƙe, ita ko rediyon.

Maganar ta zaga gari kafin la'asar. Da ma mutane a matse suke suna neman wanda za su sauke wa, ga shi an ba su, har da shaida daga cikin gidansa. Ba da jimawa ba na zo wucewa da sassafe zan tafi aiki, na tarar da Baba a durƙushe a gaban ƙofar shago da tsumma da gwangwanin kalanzir. Wani ya rubuta masa ƁARAWO da jan fenti, manyan baƙaƙe, daga wannan gefe zuwa wancan. Ya goge rabi, sauran ya ƙi fita daga tsagar ƙarfen. Mutumin da ko allura bai taɓa ɗaukar ta wani ba, ga shi da furfura yana dirzar ƙofa kafin mutane su fito. Na karɓi tsumman ina kuka, kukan haushi.

"Baba, don girman Allah ka kashe rediyon nan. Ko ka rage ta idan na zo wurin farashi. Kai da kanka kake kunna musu abin da za su zage ka da shi."

"In kashe muryar 'yata?"

"Ba muryata ba ce, takardar wasu ce."

"Da bakinki take fitowa. Ni ban biya kuɗin makaranta don in toshe kunne ba." Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. "Wuce aiki, za ki makara."

Baba in ya ƙeƙashe ƙasa, ko da motar gas ɗin aka ja shi ba ya motsi. Don haka na haura wurin Manaja. Manajanmu ɗan gajeren mutum ne mai son lakatayi, ko zafi ya kai ina sai ya ɗaura. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Na ce masa ina so in riƙa ƙara jimla biyu bayan farashin, in ce wannan na ƙasa ne, a nan garin abin ya fi haka saboda nisa da gada.

"Ba zai yiwu ba," in ji shi. "Masu ɗaukar nauyin shirin sun ce a karanta yadda aka aiko, ba ƙari ba ragi. In kowane gidan rediyo ya sa nasa gishiri, ina amfanin takardar?"

"Ranka ya daɗe, ana zagin ubana da ita."

"Na ji, kuma ban ji daɗi ba. Amma da kuɗin shirin nan nake zuba wa janareta mai. Kin san nawa nake sayen lita yanzu?"

"Na sani mana. Na karanta da safe."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kada ki kawo mini raini. Je ki shirya labaran rana."

Na fito ina cizon yatsa. Na ɗauka iyakar masifar ke nan, ashe Baba yana can yana ƙulla tasa.

Wata safiya na sauko daga aiki na ga layi ya taso tun daga kwanar kasuwa har gaban shagon magani. Tukwane a ka, tukwane a baro, tukwane a bayan babur, har da fuskokin da ban taɓa gani a unguwar ba. Na kutsa na isa gaba. A kan allo, da rubutun Baba mai karkata, an sa daidai kuɗin da na karanta ɗazu.

"Baba, me kake yi haka?"

"Gas nake sayarwa. Matsa, kin tare sikeli."

Na ja shi gefe, bayan kejin tanki, inda ƙarar ɗurin za ta rufe mu. "A kan asara kake sayarwa. Kowane kilo daga jikinka kake yanka."

"Na fi ki sani."

"To don me?"

Ya share gumi da gefen rigarsa. "Ta ce ɗaya daga ciki. Ko ke maƙaryaciya, ko ni ɓarawo. To yanzu abin da kika faɗa shi ne a allo. Ba maƙaryaci, ba ɓarawo. Su nemo wata maganar."

Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na kawo masa zancen motar da za ta zo ta nemi kuɗinta a hannu. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Kullum safe sai ya tsaya da alli a hannu yana jiran in faɗi lamba, ina faɗa ya rubuta. Sauran masu gas na garin suka zo a ƙungiyance suka ce ya kashe musu kasuwa, ya ba su kujera, ya saurare su, ya raka su bakin titi, bai canza ko sifili ba. Wasu 'yan wayo kuwa suka riƙa kwaso tukwanen haya suna cikawa a wurinsa, su zagaya bayan tasha su sayar a kuɗin gari. Tela ya gaya masa, Baba ya ce shi dai ya san abin da ya auna. Allurar da ke jikin tanki tana ta sauka, ni ina kallo kamar jinina ake zuƙa.

Duk da haka da na haƙura, in da abin ya saya masa abin da yake nema. Amma wata rana na shiga motar haya, wasu mata biyu a kujerar baya, kowace da tukunya a tsakanin ƙafafu. Ba su san ni ba, don ban buɗe baki ba.

"Daga wurin tsohon nan na kwanar kasuwa kike?"

"Daga can. Kin ga yadda ya sauke farashi?"

"Ashe dai yana iyawa. Shekara da shekaru yana cutarmu, sai da aka tona masa asiri."

"Allah ya yi wa 'yar tasa albarka. Ba don ita ba da har yanzu yana yankarmu."

Suka yi mini addu'a, ni ina zaune a gabansu, har da amin. Ban taɓa jin addu'ar da ta ƙona ni kamar wannan ba. Ya zubar da jarinsa don ya wanke sunansa, jarin ya tafi, sunan ya ƙara baƙi, kuma ni ce aka ba lambar yabo. Na sauka tun ban kai inda za ni ba, don na san in na ƙara minti ɗaya a motar nan sai an raba mu.

Tankin ya ƙare a ƙarshen makon. Direban motar gas ya yi waya, Baba ya ce masa ya dakata tukuna. Na ji shi daga tsakar gida, muryarsa a sanyaye, irin wadda ban san shi da ita ba.

Washegari na shiga ɗakin watsa shiri na murza makulli ta ciki, abin da ba ma yi sai in ana gyara. Ɗakin ƙarami ne, an manna katifun soso a bango don kada ƙarar titi ta shigo, ga tebur, ga makirfo, ga gilashi tsakanina da Injiniya. Injiniyanmu dattijo ne mai shiru, ya fi kowa daɗewa a gidan, kullum da kofin shayi a gefen na'ura. Ya ga na kulle ƙofa, ya ɗaga gira kawai. Jar fitila ta kama. Na karanta labarai yadda na saba. Na karanta kuɗin fetur, na karanta na wuta, na karanta na gas, ba ƙari ba ragi. Sannan na kife takardar.

"Jama'a, ku dakata, ban gama ba. Wannan da na karanta muku na ƙasa ne gaba ɗaya, an haɗa na masu arha da na masu tsada an raba. Gaskiya ne, amma ba naku ba ne. Mutumin bakin teku yana sayen kilo ƙasa da haka, ku kuna saye sama da haka, kuma haka za ku ci gaba muddin mota sai ta zagaye dutse kafin ta iso. Babu mai gas a garin nan da ake sauke masa kaya a wannan kuɗi. In akwai wanda ya san inda shagon matsakaicin nan yake, ya zo ya nuna mini, ni ma ina da tukunya a gida."

Aka fara bugun ƙofa. Ta gilashi na ga Manaja ya faɗo ɗakin Injiniya, lakatayi a kafaɗa, yana nuna na'ura yana ihu. Injiniya ya miƙa hannu, sai tabaransa ya zame ya faɗi ƙasan tebur. Mutumin da ya san kowane maɓalli ko a duhu, ya sunkuya yana laluben tabarau a nitse.

"Mai gas na kwanar kasuwa ubana ne," na ce. "An kira shi ɓarawo, an ce ni na faɗa. Ban faɗa ba. Ya sauke muku farashi, kun ce ashe yana iyawa. Bai iya ba. Jarinsa ne kuka kwashe a tukwanenku, kuka dafa, kuka ci. In fushi kuke ji, kuna da gaskiya, ni ma shi nake ji. Ga gada can a karye, ku je ku yi shi a gaban waɗanda ya kamata su gyara ta. Amma daga yau ba wanda zai sake aron muryata ya zagi ubana."

Jar fitilar ta mutu. Manaja ne ya zare wayar da hannunsa.

Da na buɗe ƙofa yana tsaye yana haki. Ya ce na kashe masa gida, ya ce masu shirin za su janye, ya ce abubuwa da yawa, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. A ƙarshe ya ce in tattara nawa ya nawa. Na ce masa da ma jakata a shirye na zo da ita. Na leƙa na yi wa Injiniya sallama, ya ɗaga mini kofin shayinsa, tabaran yana kan hancinsa daram.

Na sauko ta tsakanin katifu na kama hanyar kasuwa. Ƙirjina wasai. Masu shaguna suna bi na da kallo, wani ya nuna ni da baki, don yanzu an haɗa muryar da fuskar. Ni dai Baba nake son gani. Tun daga nesa nake ƙiyasta yadda zan same shi, ko yana fushi, ko yana share ido.

Na same shi zaune a kan benci a ƙofar shago, hannuwa a kan gwiwa. Allon a goge, ba a rubuta komai ba. Shagon shiru.

"Baba, ka ji?"

"Me?"

Na ɗaga kai na dubi ƙusa. Rediyon tana nan a rataye, a kashe.

"Yau na bi maganarki," in ji shi. "Na ce ba zan ji kina faɗin kuɗin gas ba, alhali ba ni da ko kilo ɗaya da zan sayar a kansa. Lafiya kika taso da wuri?"

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Shekaru yana hana mutane tari in ina magana, rana ɗaya tak da na yi magana dominsa, ranar ya kashe. Tela ne ya fito da gudu, zare a wuya.

"Baba, ai 'yarka ta tayar da ƙura! Gari duk ya ɗauka. An ce har korarta aka yi."

Baba ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya kalli jakar da ke kafaɗata.

Mutane sun fara taruwa, wasu da tukwane don ba su san tanki ya ƙare ba, wasu don ganin ƙwaƙwaf. A cikinsu na hango Gwaggo mai abinci, mai baro yana biye da ita da manyan tukwanenta biyu. Daga ganin yadda suke rawa a baron babu komai a cikinsu. Na ji daga baya cewa ta zaga sauran shagunan ne ta tarar kowa ya fi tsohon kuɗin Baba tsada.

"Me kika ce a rediyon?" in ji Baba.

"Zan gaya maka a gida."

"A nan aka zage ni. Faɗa a nan."

Don haka na tsaya a bakin ƙofar, kusa da sikeli, inda har yanzu jan fenti yake maƙale a tsagar ƙarfe, na maimaita. Ba makirfo, ba gilashi, ga idanu a kaina. Na faɗi na bakin teku, na faɗi na gada, na faɗi na jarin da aka dafa aka ci. Baba yana zaune yana saurare da kai a sunkuye, kamar yadda yake sauraren labarai.

Da na gama wani mai babur daga baya ya ce, "Ai dole ta faɗa. Ubanta ne."

Baba ya miƙe. "Ubanta ne, ƙwarai. Kai ma da ka samu irinta da ka yi barci." Wasu suka yi dariya, Baba bai yi ba. "Ku saurara. Gas ya ƙare. Mota za ta zo ranar da na haɗa kuɗinta, ban san ranar ba. In ta zo, kuɗin da ta sauke mini a kai da ɗan abin da zan ci, shi zan rubuta a allon nan, ko rediyo ta ce kyauta ake rabawa. Yanzu kuma ga ni tsaye. Duk wanda ya san na taɓa tauye masa awo, ko na karɓi abin da ba nawa ba, ya fito ya faɗa a gabana. Ko rufin shagon nan ne zan cire in biya shi."

Ba wanda ya fito. Wasu suka ɗauki tukwanensu suka juya suna ƙunƙuni, mai babur ya tayar da babur ɗinsa ya tafi. Ba kowa ne ya yarda ba, kuma na san akwai waɗanda har su mutu ba za su yarda ba. Gwaggo ta tsaya tana gyara mayafi, ta gyara, ta sake gyarawa. Can ta yi wa mai baro alama ya sauke tukwanen a bakin keji.

"A bar su nan," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "In mota ta zo, ni ce ta farko."

Na ji sanyi a raina, na ɗauka an gama. Ita ce babbar mai sayensa, kuma ba shi da ko kilo ɗaya, ba shi da kuɗin mota, 'yarsa ba aiki. Baba ya sa ƙafa ya tare tukunyar farko.

"Ɗauki kayanki, Hajiya."

"Haba, mai gas. Ai magana ta wuce."

"Ba ta wuce ba, tana jikin ƙofata. Wa zai bar wa ɓarawo ajiyar tukunya?"

Gwaggo ta dube ni, ko zan sa baki. Na kau da kai. Ta dubi tela, tela ya duƙufa yana warware zaren wuyansa. Ta yi ƙasa da murya ta ce wani abu da ko ni da ke kusa ban ji sosai ba.

Baba ya sa hannu a bayan kunne. "Na tsufa, ba na ji. Wancan da ƙarfi kika faɗa."

Fuskarta ta yi nauyi. Matar da ta goya ni ce, kuma ban ji tausayinta ba ko kaɗan.

"Ba ɓarawo ba ne!" ta ce, har masu shagunan tsallaken titi suka waiwayo. "Na ce ba ɓarawo ba ne. Ni na faɗa, ni na janye."

Baba ya janye ƙafarsa. Ya sunkuya ya kama hannun tukunyar, ya ce da ni, "Kama ɗayar, tunda yanzu ba ki da aikin yi." Muka shigar da su cikin keji, muka jera su kusa da tankin da babu komai a cikinsa, ya sa kwaɗo ya kulle.